Ɓangaren Hamma a Faifan Kwamfuta

Yayana ne ya sayi kwamfutar, kuma shi ya raba cikinta da hannunsa. Hamma muke ce masa, kamar yadda ake kiran babban wa a yawancin gidajen unguwarmu, Wuro Hausa, a Yola. A lokacin na gama makarantar koyon buga takardu ina zaune a gida, ba aiki ba miji, kullum ina faɗa da mutane a kan abin da bai kai ya kawo ba. Hamma ya ce wa mahaifiyarmu, Dada, in ba a nema mini abin yi ba, to wata rana zan cinye mutanen gidan ɗanye. Sai ya kama mini ɗan shago a Jimeta, a wani layi da ɗalibai ke yawan bi, ya kawo kwamfuta ta gwanjo mai akwati a ƙarƙashin tebur, da firinta mai tari kamar tsoho.

Ranar da ya zo haɗa ta, ina tsaye a kansa ina ƙorafin yana ɓata mini lokaci. Ya goge duk abin da ke cikinta, ya sa wata manhaja ta kyauta wadda ya ce cutar kwamfuta ba ta cika kama ta ba. Kafin ya sa, sai da ya raba faifan ajiyar gida uku. Ya nuna mini a allo: doguwar sanda ce a kwance, ya yanka ta da layi biyu. Yankin farko ɗan ƙarami ne, giga ashirin kacal. Ya ce wannan shi ne tushe, masu sana'ar na ce masa rut, nan na'urar ke ajiye kayan aikinta, kuma in ya cika ba za ta iya ko tashi ba. Wanda ke manne da tushen, mafi girma duka, ya ce nasa ne. Nawa yana can ƙarshe.

Na ce masa ko a rabon gado ba a ƙware mace haka ba. Wa zai wuni a kan na'urar nan, ni ko shi? Ya yi dariya, ya ce ni takardun ɗalibai zan riƙa bugawa in goge, shi kuwa abubuwan da zai tara suna da yawa. Akwai darussan da yake son shiryawa, da hotuna, da zanen gidan da zai gina a filinsa na Mbamba, da wasu abubuwan da bai ma san su ba. Da na ce to me ya sa ya matse tushen, sai ya ce giga ashirin sun ishe ta har ta tsufa.

"Ki yi yadda kika ga dama da naki," in ji shi. "Nawa ajiya ce. Kar ki shiga, kar ki taɓa, sai na zo."

Ba a daɗe ba wata makaranta a arewacin jihar ta ɗauke shi koyar da kwamfuta. Duk ƙarshen wata yakan zo, ya biyo ta shago tun kafin ya isa gida, ya tashe ni daga kujerata ko ina tsakiyar aiki, ya soka filas ɗinsa ya zuba abin da ya kawo. In na yi magana ya ce mai gida ya zo duba gidansa. Nakan yi masa tsaki, shi kuma ya cinye mini gyaɗar da na ajiye a durowa.

Sai shekarar nan ta zo da garuruwan arewacin jihar suka riƙa faɗawa hannun masu tada ƙayar baya. Wanda ya zauna a Yola a lokacin ba ya buƙatar a ba shi labari. Mutane suka yi ta kwararowa, wasu a bayan manyan motoci, wasu a ƙafa da kumburarrun sawu, har gidan da ke da ɗaki uku ya koma wurin kwanan mutanen unguwa guda. Hamma ya kira Dada sau ɗaya da rana, ya ce sun fita daga gari suna bin duwatsu, kada ta damu, cajin wayarsa ya kusa ƙarewa. Daga nan ba mu sake jin muryarsa ba.

Akwai abokinsa tun na sakandare, Kirista ne daga kudancin jihar, yana koyar da kwamfuta a wata makaranta a Jimeta. Kowa Ticha yake ce masa. Shi ya raba mana aikin nema: ya ɗauki harabar coci-coci inda aka sauke mutane, ni da ƙanen mahaifinmu, Bappa, muka ɗauki makarantu da masallatai da sansanoni. Mun nuna hoton Hamma ga mutanen da su ma suke riƙe da nasu hotunan. Wani ya ce ya gan shi a bakin wani rafi, wata ta ce kamar shi ne ya taimaka mata da ɗaukar yaro, wani kuma ya rantse ya tsallaka Kamaru. Duk inda aka kwatanta mana mun aika. Ba mu samu gawa ba, ba mu samu mai rai ba.

Da abin ya lafa, mutane suka fara komawa garuruwansu, sai gidanmu ya shiga wani irin zama da ban san sunansa ba. Ba a yi zaman makoki ba, don ba a ce ya mutu ba. Ba a raba kayansa ba. Bappa malami ne, yana da zaure a Yola Gari inda yake karantarwa, shi ya gaya mana hukuncin: dukiyar wanda ya ɓace ana tsare ta ne, ba a sayarwa, ba a rabawa, har sai iyalinsa sun je gaban alƙali ya yanke cewa a ɗauke shi a matsayin mamaci. A gidanmu kuwa kowa ya san ba mai zuwa gaban alƙali sai da yardar Dada. Ita kuma ba ta taɓa tayar da maganar ba. Na ɗauka na fahimce ta sarai, uwa ce, ba za ta sa hannu a mutuwar ɗanta ba. Na ɗaura wa kaina aikin tsare mata wannan fata, har in wani ya fara kawo zancen a gabanta nakan yi masa kallon da zai haɗiye sauran.

Ni dai na koma shago, don ciki ba ya jiran labari. Shekaru suka yi ta tafiya, ɗalibai na kawo furojet ina bugawa, na yi aure, na haihu, ina zuwa aiki da goyo. Kwamfutar nan tana nan. Sai dai manhaja ba ta zama yadda aka sa ta. Duk sabuntawar da ta zo sai ta fi ta baya nauyi, kuma duk a tushe take sauka. Wata safiya wani ɗan saƙo ya fito a kusurwar allo, wai wurin da ya rage a tushe ya yi ƙaranci. Na kira Ticha.

Ya zo bayan an tashi daga makaranta, ya duba, ya girgiza kai. Ya ce Hamma ya iya aiki amma ya yi rowa a nan. Ya buɗe hoton sandar nan mai yanka uku, ya nuna mini cewa maganin a kusa yake. Ɓangaren Hamma ne ke jingine da tushe, in an matsa layin da ya raba su kaɗan, an ɗebo daga nasa an ƙara wa tushen, shi ke nan. Na ce a ɗeba daga nawa. Ya ce nawa yana can ƙarshe, ba yadda za a yi a tsallake na Hamma ba tare da an motsa shi ba.

Na ce to ba za a yi ba.

Bai yi gardama ba, ya san wadda yake magana da ita. Sai ya koya mini shara. Ya nuna mini inda na'urar ke tara bayanan da take rubuta wa kanta kullum, da inda ragowar sabuntawa ke taruwa bayan an gama da su, da tsofaffin kwafin manhajar da ba a amfani da su kuma. Ya rubuta mini 'yan kalmomin da zan riƙa bugawa a baƙin allo don in ga abin da ya rage, da waɗanda zan buga in share. Daga nan ya zama mini al'ada, duk Juma'a kafin in rufe shago sai na yi wa tushe shara.

Da farko sharar na isa. Daga baya na fara cire kayan ɗaki. Na cire wasannin da suka zo da manhajar, ban ji komai ba, dama ba na yin su. Na cire harsunan ƙasashen da ban san inda suke ba. Na cire hotunan ado na allo, na cire manhajar sauraren waƙa, na rage salon haruffa har wata ɗaliba ta yi fushi don ba ni da irin rubutun da take so a katin bikinta. Na ce mata ta je gaba, shaguna sun yi yawa a Jimeta. Sabo turken wawa, har na fara alfahari da iya matsi. Ticha ya kawo shawarar a sayi sabon faifai a sa komai sabo, a cire tsohon a ajiye shi a durowa. Na tambaye shi ko shi zai so a naɗe shi a leda a sa a durowa. Bai sake kawo wannan ba.

Akwai lokacin da na gaji har na je wurin Bappa. Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayanin faifai da yanka uku, ina jin kunyar kaina, don na zaci zai ce in tashi in ba shi wuri da shirmen zamani. Amma ya saurara har ƙarshe. Na ce masa ni ba abin da Hamma ya ajiye zan taɓa ba, wurin da bai sa komai ba ne ake so a ɗeba. Ya shafa gemu, sannan ya tambaye ni ko Hamma ya faɗa da bakinsa cewa wurin nasa ne. Na ce ya faɗa. Ya ce to fili dukiya ne ko an gina ko ba a gina ba, kamar dai filinsa na Mbamba da ciyawa ke ci. Sai ya dube ni wani iri, ya ce hanyar warware wannan duka guda ce, kuma na san ta. Na ce Dada ba za ta iya ba. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya fasa, ya ce Allah ya sa mu dace.

Gaskiya na fito daga zauren nan da sauƙi a raina. Ban tsaya tambayar kaina dalili ba.

A bara, lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke rububin miƙa furojet, na kunna kwamfutar da safe ta ƙi tashi. Baƙin allo kawai da fararen rubutu suna gudu, sannan su tsaya. Ɗalibai na tsaye a ƙofa da takardunsu. Ticha ya baro aji ya zo, ya tashe ta da filas ɗinsa, ya shiga tushe yana neman abin da zai share. Ya daɗe yana nema. Da ƙyar ya samo ɗan abin da ya sa ta farfaɗo, sannan ya juyo da kujerar ya fuskance ni.

"Ƙanwata, ka ji ni da kyau," in ji shi, da irin Hausarsa ta Jimeta da ba ruwanta da mace ko namiji. "Shara ya ƙare. Ba komai a ciki kuma sai ƙashi. In ya mutu gobe, ba zan iya tada shi ba. Ni ma abokina ne, ka sani. Amma wannan abu da kake yi, ba shi zai dawo da shi ba."

Na ce masa ba don kaina nake yi ba, don Dada ne. Ya ce to in tambayi Dada.

Na sallami ɗaliban, na rufe shago da rana tsaka, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Yola. Ban wuce gidan mijina ba, na sauka a Wuro Hausa. Dada na tsakar gida tana tsince wake. Da ta gan ni a wannan lokaci ta san ba lafiya ba, ta ture tiren gefe. Na zauna na yi mata bayani da Fillanci, ina kewaye-kewaye, ina neman kalmomin da ba za su yi mata ciwo ba. Na ce mata kada ta damu, ba zan bari a taɓa ba, ko da zan rufe shagon ne. Ta saurare ni ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce gobe in zo in kai ta ta gani.

Dada ba ta taɓa zuwa shagona ba. Jimeta ma sai dole take zuwa, ta ce hayaniyarta na sa mata ciwon kai. Washegari da hantsi muka shiga keke tare, ta riƙe ƙarfen da hannu biyu har muka isa. Ticha na jiranmu, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ta kira shi ɗanta ta tambayi mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya. Na ba ta kujerata. Ya buɗe hoton sandar.

Ta matso da fuskarta kusa da allo, ta tambaya wanne ne na Hamma. Ya nuna mata dogon yankin tsakiya. Ta ce me ya sa bakinsa ke da launi, sauran duk fari. Ticha ya ce mai launin shi ne abin da ya ajiye, farin kuwa wurin da bai kai ga cikawa ba. Ni kaina ban taɓa tsayawa na kalli wannan da kyau ba, kullum idona a kan tushe yake. Dada ta ɗaga yatsa ta ɗora a kan mai launin. Kan yatsarta ya rufe shi duka.

"Iyakar abin da ya samu sawa ke nan," in ji ta. Ba tambaya take yi ba.

Sannan ta sauke hannunta ta juyo gare ni.

"Ɓingel am, 'yata, ni na daɗe da sani. Tun shekarar da mutane suka koma gidajensu shi bai zo ba. Yaron da ko Girei nan kusa ya je sai ya kira ni ya ce ya isa? Bappanku ya zo mini da maganar alƙali ba sau ɗaya ba. Ni na ce ya dakata, yarinyar nan ba ta shirya ba. Ina ganin yadda kike harare duk wanda ya buɗe baki. Na ce in na riga ki, za ki ce na yar da shi."

Kunya ta kama ni, da haushi, da wani baƙin ciki sabo fil kamar yau aka zo mana da labarin. Shekara da shekaru ina tsammanin ni ke riƙe da ita, ashe tsohuwar nan ce ke zaune da makokin ɗanta a ciki, ba ta yi shi ba, tana jirana.

Ta ce wa Ticha ya kwafe abin da Hamma ya ajiye ya ba ta a hannunta, sannan ya matsa layin. Ya ce aikin zai ɗauki lokaci, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya komai na iya lalacewa, don haka ya tayar da janareta tun kafin ya fara. Ya kwafe kayan a filas, ya miƙa mata da hannu biyu, ta ƙulle shi a bakin mayafinta. Ba ta ce a buɗe ba, ni ma ban ce ba. Daga nan ya kama layin ya ja shi, farin Hamma ya ragu, tushe ya faɗaɗa. Na'urar ta tambaya ko an tabbata. Ticha ya cire hannunsa daga kan madannai ya dube ni. Ni na danna.

Muka zauna mu uku muna kallon wani ɗan layi yana rarrafe daga hagu zuwa dama, janareta na ruri a waje. Ticha ya fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ba mu baya, na ga yana share fuska da hannun riga. Dada na jan carbi. Da aka gama Ticha ya dawo ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa, sai ta tashi nan take, garau, kamar ranar da aka kawo ta. Ban taɓa jin na tsani wani abu kamar yadda na tsani saurin nan ba. Na kifa kaina a kan tebur na yi kukan da ban yi ba tun shekarar gudu, Dada ta bar ni na yi, hannunta a bayana.

A hanyar komawa ta sa mai keke ya tsaya a kasuwar Yola. Ta sayi shinkafar masa da mai da sukari, fiye da abin da gidanmu zai ci a mako, ta ce a aika wa Bappa ya zo bayan la'asar. Ni na ɗauko kayan a ka daga bakin titi. A ƙofar gida muka haɗu da maƙwabciyarmu, tsohuwar da ta yi goyon Hamma yana jariri. Ta dubi buhun, ta dubi galan ɗin mai, ta tambaya ko suna za a yi ba a gaya mata ba. Dada ta ce sadaka ce. Matar ta ce ta wa?

Dada ta juyo ta dube ni, ta tsaya tana jira.

Na sauke buhun a ƙasa. Na ce, "Ta Hamma ce. Ya rasu."